Garin Luwi, wanda masu shi ke kira Ndar

Ba don San Luwi ta ƙasar Senegal muka bar Ƙonni ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya ɗaura niyyar zuwa Maulidin Kaulaha, ya ce shekaru sun ja, yana son ya ziyarci Shehu Ibrahim Inyass tun ƙafa na ɗaukarsa. 'Ya'yansa duk kasuwa ta riƙe su. Ni kuwa mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, ga hutun damina, ga ɗan Faransanci a baki, sai kaya suka faɗo kaina. Na amsa, amma da wata buƙata a raina wadda ban faɗa masa ba sai da muka isa can.

Kar ta asuba muka kama zuwa Yamai, tafiyar kilomita ɗari huɗu da wani abu. A Dogon Dutsi da Doso an sauke mu, kowa ya miƙa katinsa, muka taka da ƙafa muka tsallake shinge. Jandarman Doso ya daɗe yana duban hoton Kawu yana duban Kawu, don hoton tun gemu na baƙi ne. Kawu ya ce masa, "Yaro, ni ne, duniya ce ta wanke ni." Ya yi dariya ya miƙo masa.

A Yamai, kan hanyarmu ta zuwa gidan da za mu kwana, taksi ya bi da mu ta wurin da muka saba kira Monteil. Shekara da shekaru fuskar wani Bafaranshe ce sassaƙe a jikin dutsen wurin, sai a watan Oktoban 2024 hukuma ta sa ta Toma Sankara a madadinta, ranar da aka sauya wa titin De Gaulle suna zuwa Jibo Bakari. Cikakken sunan Bafaranshen Parfait-Louis Monteil. Soja ne, ya taso daga San Luwi a 1890, ya ratsa ta Sayi, ya shiga Sakkwato da Kano a 1891, ya wuce Kukawa, ya ɓulla Tarabulus a ƙarshen 1892, yana tafe yana auna ƙasar mutane yana rubutawa. Shi ne Luwi na farko a wannan tafiya, ko da yake a lokacin ban san ƙirga za mu yi ba.

Da can kar ake shiga daga Yamai, a bi ta Wagadugu da Bamako, a yi kwanaki a sauka Dakar. Yanzu babu mai ba ka shawarar bin wannan hanya, balle da tsoho. Jirgi muka hau, muka yada zango a Lome, kuma kuɗin tikiti kaɗai ya cinye fiye da rabin guzurin Kawu. Maulidin kansa labarinsa daban ne. Abin da zan ce kawai, a Madina Baye in ka rufe ido ka saurara sai ka rantse kana Fagge ko zangon Kumasi, don Hausa ta ko'ina.

Da taro ya watse na tari Kawu bayan sallar la'asar. Na ce ina son mu ƙara kwana uku mu je San Luwi.

"Garin wa?"

"Garin da Faransawa suka fara kafa mulkinsu, Kawu. Tun muna yara ake sa mu haddace sunansa, ni ma yau shekara goma sha ina sa yara suna haddacewa, ban taɓa ganinsa ba."

"To Mushe, mun zo ziyarar waliyyi, za ka kai ni ziyarar Nasara?"

Abin da ya karya shi, na ce masa garin yana bakin kogin da aka haifi Shehu Umaru Futi a gaɓarsa. Ya yi shiru, ya ce to a je a ga ruwan.

A tasha na yi ta zagaye ina tambayar motar San Luwi. Wani kamasho yana ta ƙwala "Ndar! Ndar! Ndar!" a kunnena, ina kauce masa. Sai da wata mata mai sayar da gyaɗa ta kama hannun rigata ta nuna mini shi, ashe motar da nake nema ke nan. San Luwi sunan takarda ne da allon hanya. A bakin Wolof garin Ndar ne, tun kafin Bature ya zo har yau. Kamar dai ka je tashar Maraɗi, takarda ta ce Zinder, kamasho ya ce Damagaram.

Motar tsohuwar Fijo ce mai cin mutum bakwai. Na biya jaka bakwai-bakwai, da ɗan ƙari na kaya, na roƙa aka bar wa Kawu gaba, ni na faɗa can kujerar ƙarshe inda gwiwa ke gaisawa da haɓa. Muka bi ta Jurbel, Tuba, Luga. Ƙasar ba ta ba ni mamaki ba ko kaɗan: gero, gyaɗa, wake, kuka, amalanken jaki da na doki, in ban da harshe ka ce tsakanin Madawa da Maraɗi kake. Jandarmomi sun tsayar da mu sau uku, kuma duk da direba suka yi, babu wanda ya ce fasinja ya sauka. A Tuba aka miƙo mana kofi a ƙaramin kofin roba, dala goma. Na kurɓa na ji wani yaji da na sani. Kawu ya riga ni: "Kimba ce! Mutanen nan kayan yajin mai jego suke sa wa a kofi." Ya sha biyu.

Gab da magariba muka shiga Sor, unguwar da ke kan tudu, sai ga gadar. Ƙarfe ce zalla, baka-baka har bakwai, tsawonta mita 507, an buɗe ta a 1897. Mota na bi, mutane na tafe a gefe, ƙarƙashi ruwa jawur na damina yana gangarowa. Kawu ya sa direba ya rage gudu, ya leƙa, ya ce, "Wannan ne ruwan Shehu Umaru?" Na ce shi ne. Ban gaya masa sunan wanda gadar ke ɗauke da shi ba tukuna.

Masauki muka samu a arewacin tsibirin, tsohon gidan bene mai tsakar gida, ɗaki jaka goma sha biyu. Bangon yana zubar da gishiri, famfo sai ya ga dama, sauro kuwa na Ƙonni almajirai ne a gabansu. Gidan sauron da aka ba mu yana da ƙofofi fiye da ɗakin.

Da safe muka nemi keken doki na zagaya gari. Mai keken ya ce "junni". Na tambayi wani yaro ma'anarta, ya ce dubu. Na ji daɗi, na zaro jaka guda na miƙa, mutumin ya dube ni kamar na zage shi. Ina ta kumfar baki da Faransanci, Kawu da bai taɓa zama aji ba ya taɓa ni ya ce, "Mushe, dala dubu yake nufi. Jaka biyar." Haka ne kuwa. Su ma da biyar-biyar suke ƙirga kuɗi kamar mu, abin da muke ce wa dala su suke ce wa derem. Kawu ya taya da yatsu aka daidaita a jaka huɗu, kuma har muka dawo gida bai bar ni na manta ba.

Tsibirin ɗan siriri ne, tsawonsa kamar kilomita biyu, faɗinsa bai fi ka taka cikin minti biyar ba. Tituna a miƙe kamar an ja da igiya, gidaje masu baranda ta katako, wasu an shafe su da ruwan ɗorawa da ja, wasu rufin ya rufta awaki na kiwo a ciki. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000, amma da alama takardar ba ta zo da siminti ba. Nan ne hedikwatar dukan Afirka ta Yamma ta Faransa daga 1895 zuwa 1902 kafin a mai da ita Dakar, daga nan aka ci gaba da mulkin Senegal har ƙarshen shekarun 1950, har Muritaniya ma daga nan ake juya ta. Ka ga gari ya ci zamaninsa, an kwashe masa kujera an bar shi da gine-gine.

A dandalin da ke gaban fadar gwamna muka sauka, kuma nan Allah ya haɗa mu da wani dattijo mai hula da jarida, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Da ya ji sana'armu ɗaya sai ya matsa mana a benci. Ni ke fassara wa Kawu. Na tambaye shi wane Luwi ne mai garin.

Ya ce ai nan ake rikicewa. A 1659 Faransawa suka gina kagara a tsibirin, wanda ya jagoranci ginin sunansa Luwi Caullier. Sarkin Faransa na lokacin Luwi na 14, wanda ya shekara 72 a kan gado. Amma sunan da aka sa na kakansa ne na can nesa, Luwi na 9, wanda cocin Katolika ta ayyana a matsayin waliyyi a 1297. San ɗin nan ma'anarta ke nan, waliyyi. Da jifa ɗaya aka girmama mataccen aka faranta wa mai rai.

Kawu ya ce, "Waliyyi kuma? Me ya yi?"

Dattijon ya yi murmushi kafin ya amsa. Luwi na 9 shi ne ya ɗauki rundunar 'yan Salibiyya ya faɗa wa Masar. Aka fatattake su a Mansura, aka kama shi a 1250, sai da aka biya fansa aka mayar da garin Dumyat kafin a sake shi. Bai daddara ba, ya sake ɗaura yaƙi bayan shekara ashirin, ciwo ya kashe shi a bakin Tunis a 1270. Na fassara. Kawu ya dubi masu wucewa, mata da lulluɓi, almajirai da gwangwanayensu, wani yana alwala a gefen titi, ya ce, "Wato garin Musulmi ne ake kira da sunan wanda ya tafi yaƙar Musulmi." Dattijon ya ce shi ya sa ba ka jin kakarsa ta taɓa faɗin sunan.

Daga nan Kawu ya fara ƙirga da yatsu. Na ce ga carbi a hannunka. Ya ce carbinsa bai yi lalacewar da zai ja sunayen Nasara ba. Da na Yamai, huɗu ke nan. Dattijon ya ce kada ya wahalar da kansa da sarakunan, don su kaɗai an ƙirga har na 18, kuma na 16 talakawansa ne suka fille masa kai a 1793. Ya ce garuruwan ma haka: akwai Sen Luwis a Amurka a bakin kogin Misisipi, akwai jihar Luwiziyana, akwai Por Luwi babban birnin Morishiyos, akwai Sawo Luwis a Burazil wadda Faransawa suka kafa a 1612. Duk inda jirginsu ya tsaya sai sun sauke sunan kamar buhun gishiri.

Na biyar shi ne wanda ya fi tsaya mini. Dattijon ya nuna tsakiyar dandalin ya ce nan gunkin Luwi Faidherbe ya tsaya sama da shekara ɗari, da rubutu a ƙasansa wai Senegal na godiya ga gwamnanta. Iskar damina ta kayar da shi a 2017, aka tayar, daga baya aka ɗauke shi da sunan gyaran wuri, a 2020 kuma majalisar gari ta sauya wa dandalin suna zuwa Baya Ndar. Gadar da muka hau jiya har yanzu sunansa take amsawa. Kawu ya kasa faɗin sunan, shi Fedarbu yake cewa.

Faidherbe ya zama gwamna a 1854. Shi ne ya hau jirgin ruwa ya bi kogin nan a 1857 ya karya ƙawanyar da Shehu Umaru ya yi wa kagarar Madina. Da Kawu ya ji haka sai ya gyara zama, don wannan nasa ne: Shehu Umaru ya zauna shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya auri 'yarsa. Ahmadu ɗan Shehu Umaru ya gaje shi a Segu, sai wani kanar ya ƙwace Segu a 1890 ya yi ta korarsa gari-gari, har ya yo gabas ya rasu a ƙasar Sakkwato a 1897. Sunan kanar ɗin Luwi Archinard. Kawu ya naɗe yatsa na shida bai ce komai ba.

Ni kuma nawa ciwon game da Faidherbe biyu ne. A 1857 ɗin nan Faidherbe ya kafa rundunar baƙaƙen sojoji da ake kira tirayo. Bayan shekara arba'in da biyu, irin waɗannan sojoji ne hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suka jawo suka yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu, suka iso Birnin Ƙonni a watan Mayun 1899 suka mai da shi toka. Kakata ba ta ga abin ba, amma ta ji daga bakin waɗanda suka gani, kuma ba ta taɓa ba mu labarin rijiyoyin da aka cika da gawa da dare ba, sai da rana. Ina zaune a benci, yara na buga ƙwallo a gabana, ina lissafin cewa wutar da ta ci garinmu daga wannan fili aka ɗebo garwashinta. Na biyun ya fi ciwo a ɓoye. A 1855 Faidherbe ɗin nan ya buɗe makarantar da su da kansu suka kira makarantar 'yan jingina, inda ake karɓe 'ya'yan sarakunan da aka ci da yaƙi a koya musu Faransanci su dawo tafintoci. Na ce wa dattijon to ai ni da kai jikokin wannan makaranta ne. Ya ce shi ya daɗe da sani, fanshonsa ma da harshen Faidherbe ake rubuto masa.

Kafin mu rabu ya nuna mana fadar gwamnan ya ce a cikinta aka gurfanar da Shehu Ahmadu Bamba, mai garin Tuba, ranar 5 ga Satumban 1895, aka yanke masa hukuncin kora zuwa Gabon. Muridai, mabiyansa, sun ce a nan ya shimfiɗa buzunsa ya yi raka'a biyu a gaban masu shari'ar, kuma duk shekara suna cika garin don tunawa da su. Wanda ke riƙon kujerar gwamna a ranar, Luwi Mouttet. Bayan shekara bakwai yana gwamnan Martinik dutse mai aman wuta ya halaka shi tare da garin San Piyer. Kawu ya ce "Allahu Akbar", ya naɗe na bakwai.

Azahar a babban masallacin arewacin tsibirin muka yi ta, ginin 1847. A hasumiyarsa akwai agogo da ƙararrawa, ƙararrawa irin ta coci. Mai keken ya ce Turawan unguwar ne ba su son kiran salla ya tashe su, aka ce a riƙa kaɗa ta. Kawu ya tsaya ya daɗe yana kallonta, hannu a baya.

Abincin rana kuwa, a nan na yafe wa garin sauronsa. Cebujen suke ce masa, shinkafa da kifi, kuma mutanen Ndar sun ce a garinsu aka ƙirƙire shi, a hannun wata mai girki Penda Mbay. Ɓarzajjiyar shinkafa ce ta sha tumatir da man kifi, a sama ga gutsuren kifi an cusa masa yaji a ciki, ga rogo, kabeji, karas, gauta mai ɗaci, da ɗan romon tsamiya a gefe. Jaka ɗaya da rabi faranti. Matar ta kankaro mana ƙanzon tukunya ta zuba a gefe, wai shi ne na manyan baƙi. Duk dafa-dukan da na ci a rayuwata na gane ƙanwar wannan ce.

Washegari muka tsallaka ƙaramar gada zuwa Get Ndar, unguwar masunta. Wani siririn yashi ne, kogi a gabas teku a yamma, kuma ban taɓa ganin mutane sun cunkushe haka ba: yara, tumaki manya kamar maruƙa, kifi shanye, jiragen katako masu zane an jere su kamar haƙora. Kawu bai taɓa ganin teku ido da ido ba. Ya tsaya nesa, ya ce wannan ba ruwa ba ne, halitta ce. A bakin gaɓar akwai gidajen da igiyar ruwa ta yanke rabi, kana ganin fentin ɗakin kwanan mutane a waje. Wani matashi mai gyaran koma ya ce danginsa suna cikin waɗanda aka kwashe zuwa can cikin tudu, masunci a inda ba ruwa. Ya ce a 2003 ambaliya ta so cin garin, aka yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a yashin don kogi ya fice, yau ta zama kilomitoci, ta cinye ƙauye sukutum, kuma jiragensu da yawa a bakinta suke kifewa. Ya nuna mini can cikin teku inda ake haƙar iskar gas, ya ce wurin da suka fi samun kifi ke nan, yanzu an hana su kusanta. Na tambaye shi to sai yaya. Ya ce, "Barsa wala Barsak." Ko Basalona ko barzahu. Ban buƙaci tafinta ba, yaran unguwarmu da suka bi ta Agadas ma ba su da wata magana da ta wuce wannan.

Shi ne ya ba mu Luwi na takwas, da ya ji Kawu na tambaya ko an ƙare. Ya ce akwai nasu, baƙi, ɗan garin. Mbarik Fal aka raɗa masa a 1897, aka tafi da shi Faransa yana yaro, can ya zama Luwi, a fagen dambe kuma Battling Siki. A 1922 ya kayar da gwanin Faransa Georges Carpentier a turmi na shida a birnin Faris, ya zama zakaran duniya. Bayan shekara uku aka tsinci gawarsa a titin Niyok da harsashi a baya, sai a 1993 aka dawo da ƙasusuwansa gida. Kawu, wanda a ƙuruciyarsa ba ya wuce dambe in an gama girbi, ya sa na maimaita masa turmi na nawa ne. Ya ce wannan kada a haɗa shi da sauran, a ba shi hannu daban.

Daren ƙarshe muna tafe a Sor sai ƙanshin ƙuli-ƙuli da hayaƙi ya tare mu. Allon ya ce dibi Hausa. Na yi sallama da Hausa don gwaji, mai tukubar ya ɗago da sauri har wuƙa ta kusa faɗi: "Baba, daga ina?" Mutumin ƙasar Tawa ne, shekararsa tara a nan. Ya shimfiɗa wa Kawu tabarma, ya yanko mana tsire ya ƙi karɓar ko dala, ya dafa shayi har zagaye uku yana tambayar damina da farashin gero. Kawu ya tambaye shi ko ya san wane ne Luwi. Ya ce wallahi Baba bai sani ba, shi dai in zai aika kuɗi gida yana cewa daga Ndar ne.

Dawowa ba ta da labari: Fijo zuwa Dakar, kilomita ɗari biyu da sittin, jirgi, Lome, Yamai. Tsarabarmu garin kofi mai kimba da busasshen kifin da ya sa duk kayanmu wari. Da muka fito filin jirgi na tsayar da taksi, na gaya masa unguwar, na ce ya bi ta wurin Sankara. Ya juyo ya ce wane Sankara. Na kwatanta masa.

"A'a, Monteil za ka ce mini, Malam. Ku shigo."

Kawu, daga kujerar baya, ya ɗaga yatsa ɗaya.